Baba Agogo, Direban da Muka Ba Amanar Barcinmu

Tun gari bai waye ba, lokacin da ba ka gane maƙwabcinka sai da muryarsa, Baba Agogo ya riga ya isa bakin titi inda babbar motar fasinjan da yake tuƙawa take kwana. Ba ya gaggawar tayar da ita. Zai zagaya ta, ya dafa tayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya duba ruwa da baƙin mai, sannan ya ɗauki tsumma ya goge madubin da ke saman kansa, wanda yake ganin cikin motar da shi. Daga nan ya buɗe ƙofa ya tsaya a gefenta, yana gaisawa da masu shiga. Inji ba ya tashi sai mutum na ƙarshe ya zauna. Haka ya yi shekara da shekaru, har furfura ta cika masa kai a kan wannan hanya, har likita ya ce masa ya isa haka. Saboda wannan ajiye aiki nasa nake rubuta jinjinar nan, kuma ba zan ɓoye wa mai karatu ba, hankalina ba a kwance yake ba.

Ya kamata in fara bayyana ko su wa yake ɗauka. Mu mazauna can ƙarshen gari ne, amma yawancinmu mun taɓa zama a tsakiyar birni, kusa da wurin aikinmu, inda mutum zai je ya dawo da ƙafa. Sai birni ya cika, kuɗin haya ya tashi. Mai gida ya zo maka da fara'a ya ce zai yi gyara, in an gama gyaran kuwa ɗakin ya fi ƙarfinka. Ka ɗaure kayanka ka matsa gaba. Kana fara sabawa da sabuwar unguwa kwalta ta iso, wutar lantarki ta iso, tsadar haya ta biyo bayansu, ka sake ɗaure kaya. Haka muka yi ta ja da baya har muka kai inda muke yanzu, inda bayan katangar gidanka babu komai sai fili. Mu ne masu sharar birnin, da masu gadinsa, da masu yi masa wanki da fenti, amma babu ɗakin da za mu iya kwana a cikinsa. Abin da muka rage a haya hanya ta cinye. Abin da ta fi ci kuwa shi ne barcinmu, domin muna fita da duhu, mu dawo da duhu.

A farkon zuwansa, Baba Agogo ya lura da wani abu ta cikin madubin nan. Mutum zai fara gyangyaɗi, kansa ya faɗo, ya zabura ya leƙa taga don tsoron kada a wuce da shi, ya sake gyangyaɗi, ya sake zabura. Motar ba ta da kwandasta mai kiran sunayen wurare. Wata safiya, kafin ya tayar da inji, sai ya juyo ya ce, "Jama'a, ku yi barcinku. Na san inda kowa yake sauka. Wanda na wuce da shi, ya kama ni."

Tun daga ranar ba a taɓa kama shi ba. Daga nan sunan Agogo ya samo asali, har 'ya'yanmu ba su san yana da wani suna ba.

Kowa da irin tashin da yake yi masa. Ba ya ɗaga murya ta cika mota, don kada ya tayar da wanda lokacinsa bai yi ba. Zai kira mutum da sana'arsa, a hankali, daidai inda zai samu damar murza ido ya gyara hula kafin a tsaya. Akwai wani maigadi mai nauyin ji, wanda kira ba ya isa gare shi. Shi kam sai Baba ya ɗan taɓa birki, kafaɗarsa ta bugi ta maƙwabcinsa. Akwai kuma Mai Fenti, mutum mai barkwanci, wanda ba ya tashi sai ya yi ƙorafi.

"Baba, ka cuce ni yau. Gida na saya a tsakiyar birni, mai bene, ana miƙo mini makulli ka tashe ni."

"Gobe ka fara karɓar makullin, ka bar dogon ciniki. Sauka, tsaninka na jiranka."

"To in na saya, kai ne ba zan ba haya ba."

"Na gode. Ko a mafarkin ma na san ta fi ƙarfina."

Wani abin da aka san shi da shi kuma shi ne kashe inji a cikin cunkoso. Akwai wata gada da ake shiga birni ta kanta, inda motoci da babura ke curewa kowace safiya, kowa ya bar injinsa yana ruri, hayaƙi ya tsaya a iska har idanu su yi ruwa. In layi ya tsaya cak, Baba yakan kashe motarsa, ya sa a ɗaga gilasai. Direbobin da ke gefe suna yi masa ba'a, suna cewa tsoho yana rowar mai. Wani malamin makaranta da ke cikinmu ya taɓa yi mana bayani cewa wannan hayaƙi ba ɓacewa yake yi ba. Yana taruwa a sama ya lulluɓe duniya kamar bargo, zafi ya kasa fita, shi ya sa bazara take ƙara tsanani, damina kuma take saɓa lokacinta. Ya ce gwargwadon yadda ake tura ma'aikata nesa da aikinsu, gwargwadon man da ake ƙonawa don kawo su. Ya ƙara da cewa babbar mota guda cike da mutane ta fi sauƙin hayaƙi a kan a raba su kowa da babur ɗinsa. Baba ya saurara da kyau har ya gama, sannan ya ce, "Malam, na gode da ka ƙara mini dalili. Da ma na bayana nake ji wa, yanzu na san har da na sama."

Kai ne, Baba, ka kashe naka injin, amma na sauran mutane ka yi ta shaƙa. Tagarka ita kaɗai ce ba ta rufuwa, domin sai ka miƙa hannu ka nemi hanya. Muna barci a bayanka, kana shan abin da ka kare mu daga gare shi. Mai idon da ba ya runtsawa, ba mu san abin yana taruwa a ƙirjinka ba sai da tari ya fara hana ka ƙarasa gaisuwa.

A cikin duk masu shiga wannan mota babu wadda barcin nan ya zame wa dole kamar Mai Wanki. Maƙwabciyata ce, tana wankin zannuwan gado a wani asibiti da ke cikin birni. Mijinta yana kwance da shanyewar ɓarin jiki. Ita ce mai fara tashi a layinmu: ta yi masa wanka, ta juya shi, ta sauya masa shimfiɗa, ta ajiye masa abin da zai ci inda hannunsa mai lafiya zai kai, ta bar wa matar maƙwabci amanarsa, sannan ta fito da sauri. In ta dawo da dare ta sake farawa. Barcin kirki da take samu a rayuwarta shi ne na cikin motar Baba Agogo. Aikin nan nata shi ne hayar ɗakinsu, shi ne maganin mijinta. Kuma shugabar sashensu ta sha gaya mata, ba da mugunta ba, cewa dole zannuwa su shiga ruwa kafin likitoci su fara zagaye, kuma akwai mata da ke zaune kusa da asibitin suna neman gurbin. Baba ya san haka. Yakan ce mata, "Ƙanwata, ga ƙofar asibiti," ta buɗe ido, ta sauka a kan lokaci.

Da likita ya duba huhunsa ya hana shi zama cikin hayaƙi, mai motar ya kawo wani direba, dattijo nagari, wanda ya daɗe yana tuƙa tankar ruwa, shi ya sa muke kiransa Mai Tanka. Baba ya yi kwanaki yana koya masa halin motar da na hanya: giyar da ke cijewa, ramin da ruwa ke ɓoyewa, kwanar da babura ke fitowa ba sallama. Ya koya masa kashe inji a kan gada. Abu ɗaya ne bai gaya masa ba, mu ma ba mu gaya masa ba, domin babu wanda ya ɗauke shi a matsayin aiki. A wurinmu tashin fasinja daga barci wani sashe ne na mota, kamar ƙofa ko kujera.

Ranar da Mai Tanka ya fara fita shi kaɗai, muka shiga, muka gaishe shi, kowa ya jingina kai kamar kullum. Shi kuma yana tuƙi yana jiran ya ji an ce akwai sauka, kamar yadda ake yi a kowace mota. Bai ji ba. Ya wuce makaranta, ya wuce asibiti, ya wuce kasuwa, har ya kai tashar ƙarshe a ɗaya gefen birnin. Ya kashe inji ya waiwayo, sai ya ga mota cike maƙil, kowa baki buɗe.

"Jama'a, an iso," in ji shi.

Muka farka muna kallon wurin da yawancinmu ba mu taɓa gani ba. Mai Fenti ya leƙa taga ya ce, "Yau kam na karɓi makullin, har na shiga na kwanta." Wasu suka fara dariya, amma dariyar ta mutu da muka dubi Mai Wanki. Rana ta riga ta ɗaga. Ta sauka da gudu ta tare babur, muka ga mayafinta yana ɓacewa cikin hayaƙi. Da yamma ta gaya mini abin da shugabarta ta ce: wannan shi ne na ƙarshe, in ta sake makara kada ta wahalar da kanta da shigowa.

Mai Tanka ya yi ta ba da haƙuri, alhali laifin ba nasa ba ne. Kwanakin da suka biyo baya babu mai barci a motar. Kowa ya zuba wa taga ido, kuma a nan muka gane cewa wasunmu ba su ma san alamar wurin saukarsu daga nesa ba, saboda ba su taɓa ganin hanyar ido biyu ba. Idanu suka yi ja. Mai Fenti ya zame daga tsani, Allah ya tsare bai karye ba. Mai Wanki takan tsaya a tsaye ta riƙe ƙarfe tun daga unguwa har asibiti, don ta san in ta zauna barci zai ɗauke ta. Matasan cikinmu suka ce tunda babu barcin, gara su hau babur, ya fi sauri a cunkoso. Kujeru suka fara zama babu kowa. Mai motar kuwa ya aiko da saƙo cewa in ba ta cika ba zai sayar da ita ya zuba babura a hanyar, don sun fi kawo riba. Mai Wanki ba za ta iya biyan babur kullum ba. In motar ta tafi, aikinta ya tafi.

Labari ya kai wa Baba Agogo. Wata asuba muka iso bakin titi muka tarar da shi zaune a gefen direba, ya ɗaure hanci da ƙyalle.

"Baba, ba an hana ka ba?" in ji Mai Fenti.

"Tuƙi aka hana ni. Wannan zama ne. Ku kwanta."

Muka kwanta kuwa, Allah ya yafe mana, domin mun gaji. Yana gaba yana raɗa wa Mai Tanka: mai farar hular can a shataletale yake sauka, matar da ke bayansa sai an wuce gidan mai. Mai Tanka yana ƙoƙari iyakar iyawarsa, amma fuskokin sun yi masa yawa, ga ido a kan titi. Na ji shi yana cewa, "Yaya, ni fa ruwa na saba ɗauka. Wuri ɗaya nake juye shi duka, kuma bai taɓa makara ba."

Baba ya yi dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya ƙi tsayawa har muka hau gada. Kullum yana ƙaruwa. Ya kai ga yana kira sai muryar ta tsinke a tsakiya.

Sai wata safiya matarsa ta biyo shi bakin titi. Tsohuwa ce mai kunya, ba ta taɓa zuwa wurin ba. Ta tsaya a ƙofar mota ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, ba tare da ɗaga murya ba, "Jiya a zaune ya kwana, ya kasa kwanciya. Na zo in roƙe ku ne ku bar mini shi."

Mai Wanki ce ta matso gaba.

"Yaya, ka bi ta ku koma gida. Ina da mai jinya a ɗaki, na san abin da ake nufi da shi. Ba zan so a ce saboda ni baiwar Allah nan ta shiga abin da nake ciki ba."

"In na koma, wa zai tashe ki?"

"Ba sai an tashe ni ba. Zan tsaya da ƙafata kamar yadda na yi kwanakin baya."

"Na ji labarin tsayuwar. Ki tsaya a mota, ki tsaya a wurin wanki, ki tsaya a kan mara lafiya. Wata rana a cikin bahon wankin za a tsince ki."

Ya maida numfashi yana kallonmu. Sannan ya ce kowa ya sauko. Muka sauko muna duban juna. Ya tsaya a ƙofa, matarsa tana riƙe da gwiwar hannunsa, ya shiga kiranmu yana zaunar da mu, ba inda kowa ya saba zama ba. Ya jera mu bisa tsarin saukarmu: wanda ke fara sauka a bakin ƙofa, mai bi masa a gefensa, haka har kujerar baya. Da ya gama ya ce, "Mai Tanka zai tashi mutum ɗaya kawai, na farko. Kai kuma in za ka sauka, ka taɓa na kusa da kai. Shi ma in zai sauka ya taɓa na gaba. Kada kowa ya sa ƙafa a ƙasa sai ya ga idon maƙwabcinsa a buɗe. Wanda ba zai fito gobe ba, ya faɗa wa na gefensa tun yau."

A jerin, Mai Fenti ne ya faɗo kafin Mai Wanki, ni kuma bayanta.

"Wato ni ne agogon Hajiya yanzu," in ji Mai Fenti.

"Kai ne. In ka makarar da ita, daga gadon asibiti ma zan taso maka."

Ya sauka, ya rufe mana ƙofa da hannunsa, muka bar shi tsaye da matarsa a bakin titi. Bai sake shiga motar ba.

Tsarin yana tafiya zuwa yau. Barci ya dawo, wasu daga cikin matasan ma sun dawo, mai motar ya ce zai ƙara dubawa. Amma ba zan yi wa mai karatu ƙarya in ce mun tsira ba. Abin da Baba yake riƙe da shi shi kaɗai, yanzu yana rataye a wuyan kowannenmu, kuma mu mutane ne da ba mu da tabbacin inda za mu kwana baɗi. An fara auna filayen bayan unguwarmu. An riga an ba Mai Fenti wa'adin tashi daga ɗakinsa, yana neman wani can gaba, inda motar ba ta kaiwa. Yana faɗa yana dariya, amma ya fara koya wa maigadin nan mai nauyin ji yadda zai maye gurbinsa, kuma ni nakan farka tun kafin lokacina ina leƙen ko an taɓa Mai Wanki.

Baba Agogo, mun gode. Kai ne ka ga gajiyar da ba ta cikin aikinka, ka ɗauke ta ba tare da an roƙe ka ba. Kai ne ka ba matar da ba ta da lokacin kanta wurin da za ta rufe ido ba fargaba. Da ƙarfinka ya ƙare kuma ba ka tafi da abin ba, ka raba mana shi. Allah ya sassauta maka ƙirjinka, ya ba ka numfashi mai sauƙi, ya saka wa matarka da alheri a kan abin da ta yi haƙuri da shi.

Ina roƙon direbobi su yi koyi da shi, su riƙa duban na bayansu, su kashe inji in layi ya tsaya. Ina roƙon 'yan'uwana fasinjoji kada mu watse wa babbar mota, domin kujerar da ka bari babu kowa tana iya zama sanadin rasa aikin wani. Masu gidajen haya su tuna cewa duk wanda suka tura gaba, sun ƙara masa hanya, sun ƙara wa kowa hayaƙi. Masu tsara birane kuma ina roƙonsu da girmamawa su bar wa ma'aikaci ɗaki daidai ƙarfinsa kusa da aikinsa, in hakan ya gagara su ba shi mota mai kyau da zai dogara da ita.

Yau da safe na ji an dafa kafaɗata. Na buɗe ido na ga Mai Wanki tsaye da jakarta, ƙofar asibiti tana matsowa, rana ba ta fito ba tukuna.

"Maƙwabci, ni na iso. Kai ne na gaba, kada ka koma."

"Kin samu kin runtsa kuwa?"

"Kaɗan," in ji ta.

Da ta juya za ta sauka, na ga shatin ɗinkin kujera kwance a kumatunta, tun daga kunne har haɓa.